Wai shawara ba ta son allura? Bari mu yi zancen hanta

Iyayenmu da malamanmu da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ƴan'uwa samari da ƴanmata, na Sabon Gari da na Dagmanet da na Tudu, da waɗanda suka taso tun daga Misrata, sannunku da zuwa, sannunku da zafi.

An ce in yi magana a kan shawara. Na ji ana raɗa a baya can, wai mu da muka saba zancen ɗaukewar wuta da tsadar ruwa da rashin aikin yi, me ya haɗa mu da maganar likita. Akwai abin da ya haɗa mu, za mu iso wurin. Amma sai mun gane ciwon tukuna, don mutum ba ya neman haƙƙin da bai san sunansa ba.

Kowa a nan ya san yadda ake yi a gidajenmu. Idon yaro ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar shayin farko, sai tsohuwa ta ja fatar idon ta duba, ta ce shawara ce. Daga nan hukunci ya fito: kada a kai shi likita, shawara ba ta son allura. A hana shi mai, a hana shi nama, a jiƙa rawaya a ba shi safe da yamma. To ni abin da ya kawo ni shi ne in gaya muku shawara alama ce, kamar hayaƙi. Hayaƙi yana iya zama na murhun shayi, yana iya zama ɗaki ne ya kama da wuta. Cututtukan da ke sa ido ɗorawa suna da yawa, wasu su wuce da kansu, wasu su kashe mutum cikin kwana uku, kuma da ido kaɗai babu mai iya raba su, ko da likita ne.

Ga inda launin ke fitowa. Jajayen ƙwayoyin jininmu kowace tana rayuwa kamar kwana 120. In ta tsufa sai saifa ta farfasa ta, jiki ya ajiye ƙarfen da ke ciki don ya sake aiki da shi, sai a bar wani tarkace mai launin ɗorawa. Shi ne za ku ga an rubuta bilirubine a takardar labo. Jini ya kwashe shi ya kai hanta, hanta ta sarrafa shi ta zuba a ruwan matsarmama, ya gangara hanji ya fita. Shi ne ma ke ba bayan gida launinsa. Wannan aikin ana yin sa dare da rana a jikin kowa.

Mu ƴan Agadas mun san tasha, to ku ɗauki hanta a matsayin tasha. Kaya na taruwa a tasha ta hanya uku. Ko kamyo sun zubo kaya fiye da ƙima, ko ƴan dako sun kwanta ciwo, ko kuma ƙorama ta kawo ruwa ta yanke hanyar fita. Haka bilirubin yake taruwa: ko jini na fashewa da yawa kafin a iso hanta, ko ita hantar ce ba lafiya, ko bututun da ke bayan hanta ya toshe. A jinin babba mai lafiya ba ya wuce kamar miligiram 12 a lita, kuma sai ya ninka haka sau biyu ko uku kafin farin ido ya sauya. Shi ya sa labo ke raba shi biyu, wanda hanta ta riga ta sarrafa da wanda bai iso ta ba, a haɗa da wasu awo biyu da ake rubutawa ALAT da ASAT, masu nuna ko naman hantar yana jin rauni. Da waɗannan da gwajin palu likita zai san a wane gefen tasha matsalar take.

Mu fara da kayan da suka yi yawa. Babban mai fasa jini a ƙasarmu palu ne, zazzaɓin cizon sauro, musamman bayan damina. Yaro mai zazzaɓi da idonsa ya yi ɗorawa, sau da yawa palu ne ya yi tsanani, kuma maganin palu mai tsanani allura ce, artesunat, a jijiya. Kun ga inda maganar tsohuwa ta kai mu? Allurar da aka ce shawara ba ta so, ita ce kaɗai za ta ceci wannan yaron. Sai sikila, wadda jinin mai ita ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, shi ya sa za ka ga idonsu kullum da ɗan launi. Sai wani gadon jini da ake kira G6PD, wanda yake da yawa a mazan Afirka: mutum lafiyarsa ƙalau, sai ya sha wani magani ko ya shaƙi kafur jininsa ya fashe.

Ni dai ban ɗauki iyayenmu marasa hankali ba. A ganina maganar allura tana da tushe biyu. Na farko, ba a kai mai shawara likita sai ya galabaita, a yi masa allura ya cika, a ce allurar ce. Na biyu kuma gaskiya ne allura ta taɓa raba wa mutane ciwon hanta, lokacin da ake yi wa mutum da yawa da sirinji guda. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, an yi wa miliyoyin mutane allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a dafa shi da kyau ba, ƙasar ta wayi gari ta fi kowace ƙasa ciwon hanta nau'in C. Laifin na allurar da aka maimaita ne. Yau abin da za ka yi shi ne ka tabbata an ɓare sabuwa a gabanka.

Akwai wata shawarar da ba ta da komai, in faɗe ta a gurguje don masu ita su huta. Wasu mutane, kamar 5 cikin 100, an haife su hantarsu tana ɗan jinkiri wajen wannan aikin. In suka yi azumi ko suka gaji ko suka kwana ba barci, idonsu ya ɗan sauya, in suka ci suka huta ya washe. Ana ce mata Gilbert. Ba ta son magani ko kaɗan. Amma labo ne zai ce ita ce, ba abokinka na fada ba.

Toshewar hanya kuwa alamarta a fili take: bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, fitsari ya yi duhu, jiki ya dinga ƙaiƙayi har mutum ya ji wa kansa ciwo. Tsakuwa ce a matsarmama ko ƙari ya danne bututu. Wannan sai hoton ciki, wani lokaci sai aiki. Ko randa guda ta jiƙo mutum ya sha, tsakuwar tana nan.

Yanzu ina son ƴanmata da iyayenmu mata su ba ni kunne, samari ma ku ji, ku ne iyayen gobe. Jarirai kamar 6 cikin 10 suna yin shawara a satin farko, don hantarsu ba ta ƙosa ba. Yawanci tana fitowa kwana na biyu ko na uku, ta wuce da kanta. Amma akwai mai haɗari: wadda ta fito tun a yinin farko, ko ta sauko har ciki da ƙafafu da tafin hannu, ko jaririn ya ƙi nono, ya yi laushi, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, ko ta wuce sati biyu. A jariri bilirubin yana iya haurawa ƙwaƙwalwa. In ya hau, ba ya saukowa da abin da ya ɓata. Yaron zai tashi ba ya ji, ko wuya ya ƙi tsayawa, ko jiki ya shanye, mu kuma mu ce iska ce ko baki. Matsalarmu ita ce mai jego tana cikin ɗaki mai duhu har ranar suna, jariri a naɗe cikin zane, babu wanda ya gan shi a haske. Kowace safiya a fito da shi bakin ƙofa, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa da yatsa a ga launin da ya rage. A ba shi nono akai-akai. Kada a shanya shi a ranar Agadas, ƙonewa zai yi ya bushe. Kada a sa tufafinsa cikin akwatin da ke da ƙwallon kafur, kada a shafa masa lalle, don su biyun suna fasa jinin jariri mai G6PD. Maganin a likita fitila ce mai shuɗin haske, a kwantar da shi ƙarƙashinta kwana ɗaya ko biyu. Ku riƙe maganar fitilar nan, da wuta take aiki.

Sai mu shiga cikin hantar kanta. Ciwon hanta nau'in A da E ta ruwa da abinci suke shiga, wato inda bayan gida ya haɗu da ruwan sha. A watan Afrilu 2017 gwamnati ta bayyana annobar E a jihar Difa, cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya kora daga gidajensu, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu a farkon annobar mata ne masu ciki. Namiji zai yi jinyar sati biyu ko uku ya tashi, amma mace mai tsohon ciki, ɗaya cikin huɗu ko biyar tana iya tafiya. Kada ku ce Difa nesa ce. Duk wanda ya je Jado ko Cibarakatan ya san irin ruwan da ake sha a wurin haƙar zinariya, ya san kuma inda ake zagayawa. Waɗanda suka ga ambaliyar Telwa a farkon Satumba 2009 sun san yadda ruwa ke haɗa masai da tsakar gida cikin dare ɗaya. Kusa da mu kuma, a 2016, zazzaɓin kwarin Rift ya ɓarke a wajen Cintabaraden da Tasara ana dab da bikin Kur Sale na Ingal, ya kashe sama da mutum 30, yawancinsu makiyaya. Wasu da shawara da zubar jini suka zo. Daga jinin dabba mara lafiya da ɓarin da ta yi da ɗanyar madara ake ɗaukar sa. Mace mai ciki da idonta ya sauya, ko duk wanda shawara ta zo masa da zubar jini ko ruɗewa ko yawan barci, a wannan ranar ake kai shi likita, ba gobe ba.

Amma wanda ya fi damuna a cikinsu duka shi ne wanda ba ya sa ido ɗorawa sai ya gama ɓarna. Ciwon hanta nau'in B. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, kuma shi da nau'in C sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar, kamar 3,500 kowace rana. Nijar tana cikin ƙasashen da aƙalla 8 cikin 100 ke da shi. Ku ƙirga fadarku. In ku 25 ne, to biyu a cikinku, kuma da wuya sun sani. Yawancinmu ba a wajen neman mata muka samo shi ba, kamar yadda ake zargi. Tun muna jarirai ne: daga uwa lokacin haihuwa, ko daga askar da aka yi wa yara da yawa aski da ita, aka cire beli, aka yi kaciya, aka yi tsaga, aka yi ƙaho. Babba in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu na korar cutar da kansa. Jariri in ya kamu, kamar 9 cikin 10 ta zauna ke nan. Sai ta yi shiru shekara 20, shekara 30, tana cin hanta a hankali. Ranar da ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ɗorawa, mutum ya yi aman jini, hantar ta riga ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Sai a ce sammu aka yi masa, ɗan shekara 35, ya bar mata da yara ƙanana.

Rigakafinsa yana nan tun 1982. A Nijar an sa shi cikin allurar jarirai ta penta a 2008, ana yi a sati 6 da 10 da 14. Wato duk wanda aka haifa kafin 2008, kusan kowa a wurin nan ke nan, bai samu ba sai in ya nema da kansa. Gwajin sunansa AgHBs, ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin minti kaɗan. In ba ka da shi, ka yi rigakafi sau uku cikin wata shida. In kana da shi, ba a yanke maka hukuncin mutuwa ba. Wasu duba su kawai ake yi lokaci-lokaci, wasu a ɗora su kan tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum, su rayu har tsufa. Nau'in C ma yanzu ana warkar da shi gaba ɗaya cikin sati 12.

Kuma don Allah mu bar gudun mai shi. Ba a ɗauka ta zufa, ba a ɗauka ta gaisawa, ba a ɗauka ta kofin shayi ko kwano guda. Jini ne, da saduwa, da haihuwa. Ana fasa aure a garin nan saboda takardar gwaji guda, alhali abin da ake buƙata shi ne a gwada ɗayan a yi masa rigakafi, a kula da uwa in ta samu ciki, a yi wa jariri allura da zarar ya faɗo. Rezarka da buroshinka da abin yanke farcenka dai naka ne kai kaɗai. Wanzamanmu kuma kada mu yi faɗa da su, sana'ar gado ce, ba za ta mutu don mun yi taro ba. Mu je musu da sabuwar reza, kowane yaro da tasa.

Ana yawan tambayata me za a sha don a wanke hanta. Babu. Hanta ita ce mai wankin, abin da take so a rage mata kaya. Duk waɗannan kwalaben da garin da ake talla a Facebook da WhatsApp da TikTok, wai suna kashe hepatit cikin kwana 40, kuɗinka za su wanke. Mafi muni, mutum ya bar tenofobir ɗinsa ya koma kansu, cutar ta taso da ƙarfi fiye da da. Parasetamol da muke ɗauka kamar alewa, babba mai lafiya kada ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya takwas ke nan ta 500, mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Ɗan kabu-kabu ko mai haƙar zinariya zai sayi haɗi a wajen mai tallar magani a tire, na mura da na ciwon jiki da na gajiya, kowanne da parasetamol a ciki bai sani ba, ya ɗora tramol a kai. Maganin tarin fuka ma yana iya taɓa hanta, shi ya sa mai shan sa in idonsa ya sauya zai koma wurin wanda ya rubuta masa a ranar. Jiƙe-jiƙe kuwa ban ce duka guba ba ne, amma babu mai iya gaya maka ma'auninsu, kuma duk abin da ka haɗiya hantar da ke ciwo ce za ta sarrafa shi. Giya ba sai na tsaya a kanta ba, masu sha sun san kansu. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba, aflatoksin, wadda in ta haɗu da nau'in B haɗarin dajin hanta ke ninkuwa sau da yawa. In ka ga ta yi baƙi ko tana ɗaci, ka tofar. Sai sukari. Mu da ke shan kofi uku sau uku a yini, kowace buta da tulin sukarinta, ga lemun kwalba, ga zama wuri guda, kitse na taruwa a hanta ko mutum bai taɓa ganin giya ba. Ban ce a bar shayi ba, ina son in fita daga wurin nan lafiya. A rage hannu dai. Mai shawara kuma a ba shi abinci ya ci, har da nama in yana so. Hana shi ci ba ya ƙara masa komai sai rama.

To ga abin da ya haɗa ƙungiyarmu da wannan zancen. OMS ta ce a yi wa kowane jariri allurar nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, don in aka jira sati shida wanda ya ɗauka a wurin uwa ya riga ya ɗauka. A Afirka jarirai 18 cikin 100 kawai suka samu ta a 2022. Wannan ba laifin tsohuwa ba ne. Allurar sai firij, firij sai wuta, fitilar jarirai sai wuta, ruwan da ba ya kawo nau'in E sai famfo ya isa unguwannin bakin gari. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki kyauta, kuma daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin likita da na gwaji da rabi a asibitocinta, ta mai da haihuwa kyauta. Mu je da ladabi mu tambaya. A wannan CSI ana gwada AgHBs a awon ciki? Nawa ne, kuma an manna farashin a bango? Akwai allurar ranar haihuwa, kuma wadda ta haihu a gida yaya za ta samu? Fitilar jarirai nawa ce a jihar nan, me ke kunna ta in an ɗauke wuta? Wanda aka samu da cutar, a nan za a bi shi ko sai ya yi kusan kilomita 950 zuwa Yamai, ya biya mota da masauki? Masar da na ba ku labarinta ta tashi a 2018 ta gwada sama da mutum miliyan 50 kyauta, ta ba masu cutar magani, a 2023 OMS ta shaida ta kama hanyar kawar da nau'in C. Shawara ce ta hukuma aka yanke, aka ware kuɗi.

Kowace unguwa a samu mutum biyu, mace da namiji, su kai waɗannan tambayoyin CSI ɗinsu su rubuto amsar yadda aka ba su, mu haɗa mu kai wa hukumar lafiya ta jiha kafin 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya. Takardar rubuta suna tana wajen ƴan'uwa a bakin ƙofa. Wanda kuma ya zo da takardar labo yana son a karanta masa, kada ya ɗaga hannu cikin jama'a, ya same ni a gefe bayan magariba.